An ce kitse ya taru a hantata: abinci ne ya jawo, ko magungunan da nake sha?

Assalamu alaikum, Malama. Ni mace ce mai shekara 47, kuma shekara huɗu ke nan ina fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓoɓi. Likita ya ɗora ni a kan methotrexate sau ɗaya a mako, da prednisolone kullum da safe. Na samu sauƙi ƙwarai, amma na yi ƙiba, musamman a ciki da fuska. Watan jiya gwajin jini ya nuna ma'aunin hanta ya ɗan hau, aka tura ni hoton ciki, aka ce kitse ya taru a hantata. Ban taɓa shan giya ba. Likita ya ce in rage ƙiba in dawo bayan wata uku, bai ƙara mini da wani bayani ba. Maigidana ya ce ni na jawo wa kaina da lemon kwalba da kayan zaƙi, har yana lissafa abin da nake ci a gaban yara. Yayata kuma ta ce magungunan asibiti ne suke cin hantata, in ajiye su in sha wani haɗin wanke hanta da ta sayo mini. Mahaifiyarmu ta yi fama da ciwon suga har ƙarshen rayuwarta. Mako biyu ke nan ban sha methotrexate ba, kuma ina tunanin ajiye ɗayan ma. Ba na iya barci saboda tunani. Don Allah mene ne ya jawo mini wannan, kuma maganar wa zan ɗauka?

Daga wata 'yar'uwa da ke cikin damuwa.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Kafin in shiga amsar tambayarki, akwai abu ɗaya da ba zai jira ba: kada ki ajiye prednisolone. Idan mutum ya sha wannan magani na fiye da 'yan makonni, balle shekara huɗu, wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda aikinsu shi ne samar da sinadarin kotisol, sukan rage aiki domin maganin ya ɗauke musu nauyin. In aka yanke shi dare ɗaya, jiki zai rasa na waje kuma ya rasa na ciki, sai ƙarfin bugawar jini ya faɗi, amai da jiri da matsananciyar kasala su biyo baya, kuma abin yana iya kaiwa ga rasa rai. Sannu a hankali ake rage shi, bisa tsarin da likita ya shimfiɗa. Game da methotrexate ɗin da kika tsallake sau biyu kuwa, kada ki ninka don rama abin da ya wuce. Ki sanar da likitanki cikin wannan makon, ki faɗa masa gaskiyar abin da ya faru ba tare da jin kunya ba, shi zai ce a ci gaba ko a dakata.

Na ji nauyin da ke zuciyarki, kuma ban yi mamakin rashin barcinki ba, domin an ambaci hanta, an sallame ki da jimla ɗaya, sannan kika dawo gida kika tarar da mutum biyu da kike ƙauna kowanne yana jan ki zuwa nasa ɓangaren. Ki kwantar da hankalinki da wannan: ana cewa hanta ta yi kitse ne idan kitsen ya kai kashi 5 cikin 100 nata ko ya haura, kuma kusan mutum uku cikin kowane baligi goma a duniya suna ɗauke da wannan yanayi, akasarinsu ba su ma sani ba. A wajen mafi yawansu abin yakan tsaya a kitsen kawai. A wajen wasu kaɗan kitsen yakan haifar da kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon kuma in ya yi ta ƙaruwa tsawon shekaru ya ƙandarar da hanta. Matakin farko yana komawa baya in aka gyara abin da ya kawo shi, domin hanta na daga cikin sassan jiki mafi iya farfaɗo da kansu.

To daga ina kitsen yake zuwa? Hanta kamar rumbun gida take: akasarin abin da hanji ya tsotsa daga abinci ta wajenta yake fara bi, ta ajiye wani, ta sarrafa wani, ta aika da saura inda ake bukata, kuma idan abin da ke shiga ya fi abin da ke fita sai ya jibge. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2005 ya bi sawun kitsen da ke cikin hantar masu wannan lalura, ya gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 daga kitsen jikin mutum ne da kansa yake kwararowa ta cikin jini, kusan kashi ɗaya cikin huɗu hantar ce take ƙera shi daga sukari da sitaci, kuma kashi 15 ne kacal ya zo kai tsaye daga maiƙon da aka ci. Abin da ke buɗe wa kitsen jiki hanya shi ne bijirewar jiki ga insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini. Idan jiki ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata, kitsen da ke ajiye, musamman na ciki, sai ya riƙa sakin maiƙo cikin jini, ita kuma hanta ta ƙara himma wajen ƙera sabo. Wannan ne ya sa a shekarar 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta na duniya suka sake fasalta cutar, suka ɗaure ta da alamomi biyar: ƙiba ko faɗin ƙugu, hauhawar sukarin jini, hawan jini, yawan maiƙo a jini, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Ga mace, ƙugun da ya haura santimita 80 yana cikin lissafi.

Maigidanki yana da gaskiya a kan lemon kwalba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Rabin sukarin da ake zubawa a irin waɗannan abubuwan sha wani nau'i ne da ake kira furuktos, wanda hanta ce ke ɗaukar kaso mafi girma na aikin sarrafa shi, kuma idan ya zo da yawa a lokaci guda, a cikin ruwa, ba tare da wani abu da zai rage masa gudu ba, hanta takan mayar da wani ɓangare nasa kitse. Gwangwani ɗaya na mililita 330 yakan ƙunshi kimanin giram 35 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a wuni, kuma ta ce ya fi alheri a tsaya a wajen giram 25, wato cokalin shayi shida. Ruwan 'ya'yan itace na kwali bai fita daga wannan hukunci ba, ko da an rubuta a jikinsa cewa ba a ƙara masa komai ba. Farin burodi da biskit da kek da soyayyun abubuwa da naman da aka sarrafa a masana'anta duk suna tura hanta zuwa wannan hanyar.

Yayarki ma tana da gaskiya a kan cewa magani yana iya sa hanta ta yi kitse. An san haka game da amiodarone na bugun zuciya, da tamoxifen na sankarar mama, da valproate na farfaɗiya, da wasu tsofaffin magungunan cutar ƙanjamau, kuma duka magungunanki biyu suna cikin jerin. Sai dai ina so ki lura da yadda prednisolone yake aikinsa, domin a nan ne maganar maigidanki da ta yayarki suke haɗuwa su zama magana ɗaya. Wannan magani yana buɗe ciki, yana sa mutum ya ji yunwa da kwaɗayin zaƙi fiye da yadda ya saba, yana ɗaga sukarin jini, yana ƙara bijirewa ga insulin, sannan yana kwashe kitse ya tara shi a ciki da fuska da bayan wuya. Cikar fuskar da kike gani a madubi da matsewar kayanki a ƙugu sanannun ayyukansa ne. Ke nan hannun da ya kai lemon bakinki naki ne, amma ƙishin zaƙin da ya tura hannun akwai rabon magani a cikinsa, kuma duk wanda ya ce miki rashin kamun kai ne kawai bai yi miki adalci ba.

Methotrexate kuwa ya daɗe da mummunan suna a kan hanta, kuma gaskiya ne yana iya ɗaga ma'aunin hanta a gwajin jini, shi ya sa ake auna jinin masu shan sa a kai a kai, ake kuma haɗa musu da ƙwayar folik asid, wadda ke rage wannan illa. Ki duba ko an rubuta miki ita, kuma ko kina shan ta yadda aka ce. Amma binciken shekarun baya-bayan nan, wanda aka yi da na'urorin auna taurin hanta, ya nuna cewa a wajen masu shan ƙaramin awo na mako-mako, ƙiba da ciwon suga sun fi alaƙa da tabon hanta a kan yawan shekarun da aka yi ana shan maganin. Akwai kuma wani lissafi da yayarki ba ta yi ba. In kika bar methotrexate, mai yiwuwa ne cikin makonni ciwon gaɓoɓin ya taso, yatsu su kumbura, gwiwoyi su ƙi lanƙwasuwa da safe, ki kasa tafiyar da hantarki take bukata, kuma abin da likita zai fara ɗauka don kashe wutar shi ne ƙarin prednisolone. Da niyyar kare hanta, sai ki ƙare da shan ninkin maganin da ya fi taimaka wa kitsen taruwa.

Bayan waɗannan biyu, akwai abubuwan da babu hannun kowa a cikinsu. Ciwon sugan mahaifiyarku, Allah ya jiƙan ta, yana nuna cewa akwai gado, kuma tun shekarar 2008 aka gano wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna PNPLA3 da ke sa hantar wasu mutane ta fi saurin tara kitse, har ana samun siraran mutane da wannan lalura. Shekarunki ma suna da tasiri, domin yayin da mace ta kusanci ɗaukewar al'ada sinadarin estirojin yana raguwa, kitse kuma ya koma taruwa a ciki. Raunin aikin tayiroyid, wata ƙaramar halitta da ke cikin wuyan mutum, da minshari mai ɗauke numfashi cikin barci, da ciwon hanta nau'in C, duk suna iya kawo kitsen ko su ƙara shi. A ganina, abin da ya fi dacewa da labarin da kika bayar shi ne haɗuwar gado da prednisolone da abin sha mai zaƙi da ƙarancin motsi saboda ciwon gaɓoɓi, methotrexate kuma ya zo a bayansu. Babu gwajin da zai raba wa kowannensu kasonsa, kuma ba kya bukatar wannan rabon kafin ki fara gyara.

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce ko akwai tabo, domin hoton ciki na yau da kullum yana ganin kitse amma ba ya iya auna tabo da kyau, kuma tabon ne ke nuna inda hanta ta dosa. Ba zan yi wa likitanki mummunan zato ba, wataƙila layi ne ya yi masa yawa, kuma shawarar rage ƙiba da ya bayar daidai ce. Amma bayanin da ya yi ya gaza abin da kika cancanta, kuma tun da kin riga kin tsallake magani, ba za ki jira wata uku ba. Ki koma da takarda a hannu wadda kika rubuta tambayoyinki a kai, da kwalayen duk abin da kike sha, har da na rage raɗaɗi irin su diclofenac da ibuprofen in kina saye da kanki, domin diclofenac ma yakan ɗaga ma'aunin hanta. Ki roƙe shi ya lissafa miki FIB-4, wanda ake fitarwa daga shekaru da ma'aunan hanta biyu, AST da ALT, da adadin ƙwayoyin daskarar da jini. Ga mai shekarunki, sakamakon da bai kai 1.3 ba yana nuna cewa da wuya a samu tabo mai nisa. In ya haura haka, mataki na gaba shi ne auna taurin hanta da na'ura irin FibroScan, wadda ake ɗorawa a gefen haƙarƙari na 'yan mintuna ba tare da yanka ko allura ba. Ki nemi a gwada ciwon hanta nau'in B da C, da matsakaicin sukarin jini na wata uku, da maiƙon jini, da tayiroyid.

Sannan ki tambaye shi kai tsaye ko lokaci bai yi ba da za a fara rage prednisolone. Wannan tambaya ce mai tushe, domin ƙa'idojin kula da amosanin gaɓɓai sun fi son a yi amfani da shi na ɗan lokaci, a matsayin tallafi kafin babban magani ya kama aiki, sannan a janye shi gwargwadon yadda jiki ya yarda. In kuma ya ga ma'aunin hantar ya ƙi sauka, yana da zaɓi: ya rage awon methotrexate, ko ya sauya shi ko ya tallafa masa da wani irin su hydroxychloroquine ko sulfasalazine, ko ya duba magungunan allura na zamani. In kika fita ba ki gamsu ba, haƙƙinki ne ki nemi a tura ki wajen likitan hanta, kuma neman haka ba raini ba ne.

Haɗin wanke hantan nan kuma ki ajiye shi a gefe, kada ki buɗe. Babu wani haɗi da aka tabbatar yana wanke kitse daga hanta, alhali an tabbatar cewa wasu kayan ganye da ƙwayoyin ƙarin kuzari, ciki har da ƙwayoyin tataccen koren shayi da na kurkum masu ƙarfi, sun ji wa hantar mutane ciwo. Hantar da take ɗauke da kitse kuma take sarrafa methotrexate ba wurin gwada abin da ba a san sinadaransa ba ce. Yayarki tsoro ne ya kama ta, ta ga abin da ciwo ya yi wa mahaifiyarku, ba ta so ta zuba ido a kanki. Ki gode mata da gaske, ki ce mata za ki nuna wa likita kwalbar, kuma in da hali ki tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta. Ita ma ya kamata ta auna sukarin jininta, tun da gadon naku ɗaya ne.

Maganar maigidanki ta fi ci mini rai, domin gyaran da ake yi wa mace a gaban 'ya'yanta yana barin ciwon da ba ya fitowa a hoto, kuma abin da aka saba gani shi ne wanda ake ƙirga wa loma yakan koma ci a ɓoye. Ina kyautata zaton cewa fargaba ce take fita daga bakinsa da siffar faɗa. Ki same shi ku biyu a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki fara da amincewa da abin da ya faɗa daidai, cewa za ki bar lemon, sannan ki bayyana masa abin da prednisolone yake yi wa yunwar mutum, ki kuma gaya masa a fili cewa maganar abincinki a gaban yara tana karya miki zuciya. Ki ba shi aikin da zai maye gurbin sa ido: a daina shigo da lemon gidan gaba ɗaya, domin ba zai yiwu a cika firji da shi a ce ke kaɗai za ki kau da kai ba, kuma ya riƙa raka ki tattaki da yamma. In kin san maganarki ba za ta shige shi ba, ki bar likita ya faɗa masa.

Abin da ake nema daga gare ki bai kai yadda kike tsoro ba. Rage kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen hanta, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi, kashi 10 ko fiye kuma yana iya sassauta tabo. Ga mai nauyin kilo 80, kilo huɗu ne matakin farko. A hankali ake so, kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, domin horar da kai da yunwa da zubar da nauyi da gaggawa su ma suna tura kitse cikin hanta. Ki fara da abin sha, ki mayar da shi ruwa da shayi marar sukari. Kofi marar sukari ma an ga yana da alaƙa da ƙarancin tabon hanta, in cikinki da barcinki sun yarda da shi. Ki cika rabin farantinki da ganye da kayan lambu, ki ƙara wake da kifi da ƙwai da hatsin da ba a cire masa dusa ba, ki ci 'ya'yan itace yadda suke maimakon matse ruwansu. Motsa jiki na minti 150 a mako yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba, kuma saboda gaɓoɓinki za ki iya raba shi minti goma goma bayan cin abinci, ko ki zaɓi keken motsa jiki ko motsi a cikin ruwa a ranakun da gwiwa ta ƙi. Wannan ƙoƙari zuciyarki ma yake karewa, domin ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne suka fi yi wa masu kitsen hanta barazana, kuma amosanin gaɓɓai yana ƙara wannan haɗari. Saboda haka in aka rubuta miki maganin rage kolestarol na rukunin statin, kada ki ƙi shi don tsoron hanta, an tabbatar masu wannan lalura suna iya shan sa.

In kika ga farin idonki ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu sosai, ko ciki da ƙafafu sun kumbura, ko kika yi aman jini ko baƙin bayan gida, ko kika ji wani ruɗewa da barcin da ba ki saba ba, ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira ranar da aka ba ki. In babu ko ɗaya daga cikinsu, ki nemi ganin likita a wannan makon, ki sha prednisolone ɗinki gobe da safe kamar yadda kika saba, sannan ki nemi a sake auna jinin bayan wata uku da fara gyaran domin ku ga inda aka kwana. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.